Darasi na 14: Na'ura Mai Hira da Haƙƙin Magana

Wannan darasi zai nuna mana mece ce na'ura mai hira, yadda take haɗa amsarta, inda za ta yi wa mutanen ƙauyukanmu na Jazira da Nil Azraƙ rana, da haƙƙin da ke hawa wuyan duk wanda ya ɗauko maganarta ya kai wa wani.

Yadda saƙo yake tafiya a tsakaninmu

Kakanninmu mutanen hanya ne. Tun kafin zuwan Turawa mahajjata daga Kano, Katsina, Sakkwato da Barno suke ratsowa ta Wadai da Darfur da Kurdufan, wasu a ƙasa wasu a kan jakuna, suna nufin Sawakin don su ƙetare teku zuwa Jidda. Wasu guzuri ya ƙare musu, suka tsaya neman na gaba, tsayuwar ta zama zama. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Nil Azraƙ, kudu da Sinnar, a wajajen 1906. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, aikin auduga ya jawo ƙarin dubban mutanenmu. Wasu suka samu hawasha, wato gona a cikin gandun, da yawa suka zauna a kanabi, wato sansanonin ma'aikatan gona, suna ƙwadago.

Wanda ya bar dangi a nisan duniya dole ya san darajar saƙo. A wancan zamani alhajin da ya sauke farali ya kama hanyar gida shi ne gidan waya. Malami zai rubuta wasiƙa da ajami ko da Larabci, ta yi watanni a jaka kafin ta isa Kano ko Haɗeja. Idan ta isa ba a tsayawa a kan takarda. Sai an zaunar da wanda ya kawo ta, an ba shi ruwa, an tambaye shi: "Alhaji, ka gan shi da idonka? Lafiyarsa ƙalau? Iyali fa?" Daga baya kaset ya zo, iyali su taru a kan rakoda kowa ya yi gaisuwarsa, a ba matafiyi. Sai wayar hannu, sai WhatsApp da saƙon murya, wanda ya yi wa marasa karatu babban gata.

Duk da sauyawar hanyoyin, kowace magana tana da mai ita. Akwai wanda ya faɗa, akwai wanda ya ɗauko, in kuma ta zama ƙarya an san ƙofar da za a buga. Yanzu ne karo na farko da magana ke fitowa tsaf, da sallama da ladabi da hujja, alhali babu mutum a bayanta da za a ce ya zo ya maimaita a gaban jama'a.

Mece ce ita, kuma yaya take haɗa amsa?

A ranar 30 ga Nuwamba 2022 kamfanin OpenAI na Amurka ya saki manhajar ChatGPT. Ka rubuta mata tambaya ko ka yi mata magana, ta amsa kamar mutum. Google ya fito da tasa, wadda yanzu ake kira Gemini. Kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, shi ma ya saka tasa cikin manhajojinsa a ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya tun 2024. Ana kiran fasahar gaba ɗaya ƙirƙirarriyar basira, a tashoshin Larabci kuwa za ku ji ana cewa azzaka'ul isɗina'i.

Yadda take aiki bai kai wuyar da ake zato ba. An tara rubuce-rubuce masu yawan gaske daga intanet da littattafai, aka sa manyan kwamfutoci suka bi su suna koyon wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. Sannan aka ɗauki mutane aiki suna duba amsoshinta, suna nuna wadda ta fi kyau da ladabi. Idan ka tambaye ta, jera kalmomi take yi ɗaya bayan ɗaya bisa abin da ya fi kama da amsa. Sau da yawa abin da ya yi kama da amsar shi ne daidai, domin rubutun da ta koya yana ɗauke da ilimi mai yawa. Sai dai ba ta taɓa tsayawa a bakin tur'ar ban ruwa ba, ba ta san ko kai ɗan wane ne ba, kuma babu kunyar da za ta kama ta gobe idan ta ɓatar da kai yau.

Mafi yawan abin da ta koya Turanci ne. Larabcin littafi yana da kaso mai kyau, Larabcin kasuwar Wad Madani kaɗan, Hausa kaɗan ƙwarai. Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, amma Hausar da ke intanet galibi ta gidajen rediyo da jaridun Najeriya ce. Tamu ta nan, wadda ta yi shekara ɗari da ɗoriya tana cuɗanya da Larabci, wadda Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya rubuta littafi a kanta a 1999, kusan duk a baki take. Shi ya sa na'urar kan kasa gane mu, ko ta amsa da wata Hausa mai sanƙarewa. Gajiyawar tata ce. Ina jaddada wannan ne saboda yara: yaron da ya ga waya tana sauya masa maganar kakarsa kullum yana iya fara jin kunyar maganar, kuma wannan asara ce da ba mu da dalilin yarda da ita.

Inda take da rana

Duk wanda ya taɓa zuwa kotu ko ofishin hukuma a Madani ko Sinja ya san arduhalji, mai tebur a bakin ƙofa, wanda kake faɗa wa damuwarka ya zuba ta a takarda da irin Larabcin da ma'aikata ke saurara. Na'ura mai hira arduhalji ce a cikin aljihu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da suka daɗe suna shan wahala wajen takardar ɗan ƙasa da raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, inda akan ce wa wanda aka haifi kakansa a nan ya kawo shaidar asali.

Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023 buƙatar rubutu ta ƙaru. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun Da'am Sari' a Disambar wannan shekara, Sinja ta biyo baya a tsakiyar 2024, iyalai suka watse zuwa Gadarif da Kasala da Bur Sudan, wasu har ƙetare. Akwai takardar ƙungiyar agaji da ta zo da Turanci, akwai wasiƙar neman a karɓi yaro a sabuwar makaranta, akwai ɗalibin da makarantarsa ta daɗe a rufe yana son a sake yi masa bayanin lissafi. A irin waɗannan ayyuka na'urar tana da sauri, ba ta gajiya da maimaitawa, ba ta kuma raina mai tambaya. Wanda ke da waya da intanet ya yi amfani da ita, ya taimaki maƙwabcinsa da ba shi da su.

Sharaɗin ɗaya ne, kuma tsohon sharaɗi ne: ba a dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta wa mutum ba. A duba suna, a duba kwanan wata, a duba lamba. Duk abin da na'urar ta ƙara wanda ba ka faɗa ba, a goge shi ko da ya ƙawata takardar, domin sunanka ne a ƙasa.

Kuskuren da ba ya da alama

Mutum in zai faɗi abin da bai tabbatar ba, yakan yi jim, ya kau da ido, ko ya ce "wallahu a'alamu". Mun saba karanta waɗannan alamu tun muna yara. Na'urar tana faɗin kuskure da murya ɗaya da wadda take faɗin gaskiya. A 2023 wasu lauyoyi a birnin New York sun miƙa wa kotu takarda mai ɗauke da tsofaffin shari'o'i a matsayin hujja, aka bincika aka ga ChatGPT ce ta ƙaga su, har da sunaye da lambobi. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Waɗannan masu digiri ne, a cikin harshen da na'urar ta fi ƙwarewa a kai.

To, ku auna abin da zai faru idan manomi ya tambaye ta yawan maganin feshin da zai zuba wa fadan ɗaya na gonar auduga, ko uwa ta tambayi adadin maganin zazzaɓin cizon sauro da za ta ba jariri. Amsa za ta zo da lamba, kuma lamba tana da kwarjini. A nan sai a koma wurin malamin gona da ma'aikacin lafiya, waɗanda za su ga gonar ko su auna yaron. Na'urar tana iya taimaka maka ka shirya tambayar da za ka yi musu, ko ta sake maka bayanin abin da suka faɗa.

Batun addini ya fi wannan nauyi. Tana iya kawo hadisi ta jingina shi ga Buhari alhali babu shi a can, tana iya cakuɗa hukuncin mazhabobi ta ba ka ba tare da ta faɗa ba, mu kuwa mafi yawanmu a kan Malikiyya aka tashe mu. Tambayar gado ko saki tana da rassa da yawa, mai tambaya yakan manta da wani magaji ko ya ɓoye wata kalma da ya furta cikin fushi, malami ne zai tono ta da tambayoyinsa. Malaman hadisi sun gina ilimi guda a kan tambaya ɗaya: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa? Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da mutane cikin rashin sani. Maganar da ba ta da isnadi ba ta zama fatawa don an rubuta ta da kyau.

Akwai wani hali nata da ya kamata magidanta su sani: tana son faranta wa mai tambaya. A Afrilun 2025 kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT saboda ta cika yabon masu amfani da ita da goyon bayan duk abin da suka faɗa. Miji ya kai mata ƙarar matarsa, ta ce yana da gaskiya. Matar ma ta kai tata, ta ce tana da gaskiya. Dattijon unguwa ba ya yanke magana sai ya ji ta bakin ɗayan, kuma yakan faɗa maka abin da ba ka so ka ji don yana son aurenka ya ɗore.

Muryar da ba ta mai ita ba

Fasahar da ke haɗa rubutu tana iya haɗa murya, kuma Sudan na cikin ƙasashen da suka fara ganin haka a lokacin yaƙi. Daga ƙarshen Agusta 2023 wani shafi a TikTok ya riƙa sakin faya-fayan murya da aka ce na tsohon shugaba Umar al-Bashir ne, wanda aka tumɓuke a 2019. Dubban ɗaruruwan mutane suka saurara. A watan Oktoba binciken BBC ya nuna cewa wasu daga cikinsu maganar wani mai sharhin siyasa ce da ya riga ya yi a intanet, aka bi ta da manhaja aka mayar da ita muryar Bashir. TikTok ya rufe shafin, bayan maganar ta gama zagaya wayoyi.

Mu mutanen Nil Azraƙ ba ma buƙatar a koya mana abin da magana ke iya yi. A Yulin 2022 rikici ya tashi a Rusairis da kewayenta, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubun dubata suka bar gidajensu, kuma jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya sun ambaci kalaman ƙiyayya a kafafen sada zumunta cikin abubuwan da suka rura wutar. Ku lura da kwanan watan. Duk wannan ya faru kafin a saki ChatGPT. Bakunan mutane da yatsunsu ne suka yi aikin. Abin da ya ƙaru yau shi ne mutum ɗaya yana iya haɗa saƙo ɗari cikin sa'a guda, kowanne da salon wani mutum daban, ko ya sa muryar sarki ko limami ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Na'urar ba ta da ƙabila. Za a iya juya ta a kanmu, wani namu ma zai iya juya ta a kan maƙwabtanmu, kuma zunubin iri ɗaya ne.

Haɗarin yana iya shigowa har cikin gida. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, Jazira ta daɗe a duhu, mutane suna biyan kuɗi a kasuwa don su samu ɗan lokaci a kan intanet ɗin Starlink su ji ɗuriyar dangi, su karɓi taimako ta manhajar banki ta Bankak. Iyalin da suka saba jin ɗansu a gajeren saƙo daga baƙuwar lamba sun fi kowa sauƙin yaudara. Ga misali. Saƙon murya ya shigo: "Baba, ni ne. An tsare ni a hanya, ka tura kuɗi ta wannan lamba yanzu, kada ka faɗa wa Inna." Muryar ta yi kama da tasa. Abin yi shi ne kada a tura komai tukuna. A nemi magana kai tsaye, a yi masa tambayar da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa, a kira wani da ke garin da yake. Gaggawa da neman a ɓoye wa sauran iyali su ne manyan alamun zamba. Yana da kyau kowane gida ya ajiye wata kalma ta sirri tsakaninsa da 'ya'yansa da ke nesa, wadda ba a taɓa rubuta ta a waya ba.

Ta'aziyya, ban haƙuri da zumunci

A nan ne tambayar ta fi wuya, domin babu ɓarawo a ciki, mu ne da kanmu. An yi rasuwa a gidan kawunka a Damazin, kana Bur Sudan, ba halin zuwa. Ka ce wa na'ura ta rubuta maka ta'aziyya, ta ba ka layi biyar masu daɗi, ka tura. Shin ka yi ta'aziyya?

Ra'ayina shi ne akwai bambanci tsakanin neman taimako da aika wakili a ɓoye. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba, ya faɗi abin da ke ransa na'ura ta rubuta masa, maganarsa ce. Amma wanda bai zauna ya tuna mamacin ko na minti ɗaya ba, ya tura kalmomin da bai karanta ba, ya sa kawunsa ya yi kuka a kan abin da babu zuciya a bayansa. Abin da ke sanyaya ran mai makoki shi ne sanin cewa ka bar aikinka dominsa. Saƙon murya na rabin minti, "Kawu, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa ta huta," da muryarka mai rawa, ya fi shafi guda na aro. Haka ban haƙuri yake, haka zancen neman aure yake. Yarinyar da ta amince da saurayi saboda daɗin saƙonninsa tana da haƙƙin sanin ko nasa ne.

Akwai kuma masu hira da na'urar don kaɗaici. Abin ba sabo ba ne. A 1966 wani masani a Amurka, Joseph Weizenbaum, ya haɗa wata ƙaramar manhaja mai suna ELIZA wadda ba ta iya komai ba sai juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya, amma ya ga mutane suna buɗe mata cikinsu, har sakatariyarsa ta nemi ya fita daga ɗakin don su gana. Ta yau ta fi waccan iya magana nesa ba kusa ba. A Oktoba 2024 wata uwa a jihar Fulorida ta kai kamfanin Character.AI kotu bayan ɗanta mai shekara 14 ya kashe kansa, tana cewa ya shaƙu da wata na'urar hira ta kamfanin. Matasanmu da yaƙi ya raba da gida da abokai sun ga abubuwan da ba sa iya faɗa wa iyayensu. Idan ɗanka yana raba dare yana hira da waya, faɗa da ƙwace wayar ba za su cike gurbin da ya kai shi can ba. A jawo shi majalisa, a ba shi aiki cikin mutane, a samu wani babba da yake sakewa da shi.

Sirri

Abin da ka rubuta wa na'urar ba ya tsayawa a wayarka. Yana tafiya kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, ana iya ajiye shi, kuma yana nan a cikin manhajar ga duk wanda ya karɓi wayar a shingen bincike. A Janairun 2025, lokacin da sojoji ke karɓe Madani, an kai wa wasu kanabi hari bisa zargin haɗa baki da Da'am Sari', ƙungiyar Human Rights Watch kuma ta tattara shaidu kan kisan da aka yi a Kambo Ɗayba. A ƙasar da zargi kaɗai ke iya cin rai, kada a rubuta sunan mutum tare da inda yake ko abin da ake faɗa a kansa. Ciwon matarka, bashin ƙaninka da rigimar gidan maƙwabci amana ce a hannunka. In kana neman shawara a kansu, cire suna da gari, ka ce "wani mutum". Lambar sirrin Bankak da hoton katin shaida kuwa ba a ba ta su ko kaɗan.

Aikin aji

1. Ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya yi wa na'urar tambaya a kan abin da kuka fi ta sani: tarihin ƙauyenku, lokacin shukar dawa ko gyaɗa a yankinku, ko yadda ake rabon ruwa a hawasha. A karanta amsar da ƙarfi, dattawan aji su ware daidai da kuskure.

2. Ku yi tambaya ɗaya da Larabci, ku sake yin ta da Hausarmu ta gida. Wane bambanci kuka gani a amsoshin?

3. Saƙon murya ya shigo zauren WhatsApp na ƙauye, da muryar wani shugaba yana zagin wata ƙabila. Ku tattauna matakan da mai kula da zauren zai ɗauka kafin magariba, da abin da zai faɗa wa wanda ya turo shi in ya girme shi.

4. Kowane ɗalibi ya faɗi wasiƙar da yake buƙata a wannan wata. Malami ya taimaka a rubuta ɗaya da na'ura, a karanta wa mai ita layi bayan layi, shi kuma ya nuna abin da ya faɗa da abin da aka ƙara masa.